Digiri yana akwati, ni ina shagon ƙofar gida

Assalamu alaikum Malam. Shekarata 28, ɗan Kano ne ni. Na shiga jami'a a 2017 da niyyar fitowa a 2021, amma yajin aikin malamai da korona suka riƙe mu har 2023. Kimiyyar siyasa na karanta. Na yi bautar ƙasa a Kudu na dawo gida, yau fiye da shekara ke nan ina shagon ƙofar gidanmu, ɗakin da aka ba ni tun ina sakandare. Na cike fom ɗin neman aiki har na daina ƙirgawa, kullum ina jiran kira. Wani ya ce in kawo naira miliyan 2 ya samo min gurbi a wata ma'aikatar tarayya. Baba malamin makaranta ne da ya yi ritaya, fanshonsa ba ya kai mu ƙarshen wata. Ƙanena da bai wuce sakandare ba yana gyaran waya, shi ke ba Umma kuɗin cefane. Baffana yana da shagon hatsi a Dawanau, ya ce in zo in zauna da shi, amma bai yi maganar albashi ba, kuma gaskiya ina jin kunyar abokan karatuna su gan ni ina awo. Na ce masa ya ɗan jira. Akwai yarinyar da muka shekara 4 muna tare, mahaifinta ya ce in turo magabatana kafin babbar Sallah ko ya ba wani. Ita ma na ce ta jira. Abokina yana Libiya, ya ce in nemo kuɗin mota zuwa Agadas, sauran ya san yadda zai yi. Dare ba na barci, da safe ba na son fitowa in haɗa ido da Baba. Ji nake kamar ayari ya tashi ya bar ni. Malam, ta ina zan fara?

Wani matashi daga Kano

Wa'alaikumus salam, ɗana.

Sau biyu na karanta wasiƙarka. A karo na biyu na ɗauki biro na riƙa jan layi a ƙarƙashin kalma guda, wato jira. Kana jiran kira. Ka ce wa Baffa ya jira. Ka ce wa yarinya ta jira. Baba ma da ba ka son haɗa ido da shi, na tabbata jira yake ka buɗe baki. Kai kaɗai ka sa gida biyu da shago guda sun tsaya cak, saboda wata takarda da babu wanda ya yi maka alkawarin ranar zuwanta.

Kafin in yi maka faɗa, bari in sauke maka kayan da ba naka ba. Ba kai ka rufe jami'o'i daga Maris zuwa Disamban 2020 ba, ba kai ka sake rufe su wata 8 cur a 2022 ba, daga Fabrairu zuwa Oktoba. Ba kai ka tsaya a Dandalin Eagle ranar 29 ga Mayun 2023 ka ce tallafin mai ya tafi ba, litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, daga baya ta tsallake 1,000. Da aka ƙara mafi ƙarancin albashi zuwa naira 70,000 a Yulin 2024, buhun shinkafa guda ya riga ya wuce wannan kuɗin. Ka fito a lokacin da mai albashi ma yake cin bashin kanti kafin 20 ga wata. Saboda haka in wani ya ce maka lalaci ne ya zaunar da kai, ka san bai yi maka adalci ba.

Akwai kuma wani abu da ba a cika gaya wa matasa ba. Taswirar da aka ba ku tun kuna firamare, wadda ta ce ka yi karatu, ka yi bautar ƙasa, a ba ka ofis, ka yi aure, an zana ta ne don wani zamani daban. Lokacin da Janar Gowon ya kafa bautar ƙasa a 1973, jami'o'in Najeriya 6 ne kacal: Ibadan, Nsukka, Ife, Legas, Zariya da Benin. Wanda ya fito daga ɗaya cikinsu, ma'aikatu ne ke rububinsa. Yau jami'o'in sun haura 250, ban da kwalejojin kimiyya da na ilimi, kujerun gwamnati kuwa ba su ninka haka ba, ko kusa. Iyayenmu sun miƙa muku taswirar da suka gani ta yi aiki, da zuciya ɗaya suka yi. Hanyar ce ta sauya. Ita kanta shekarar bautar ƙasa tana ƙara ruɗa mutum: kaki a jiki, ana kiranka kofa, alawus na shigowa ƙarshen wata, ko naira 33,000 ne ko 77,000 ɗin da aka koma biya a 2025, sai ka ji kamar ka riga ka zama ma'aikaci. Ranar da aka miƙa maka shaidar kammalawa famfon ya ɗauke.

Ni ma na yi irin zamanka, shi ya sa ba na yi maka magana daga sama. Bayan na gama, kusan shekara biyu duk ranar Litinin nakan goge kaftanina guda ɗaya mai kyau, in ɗauki fayil, in tafi wata ma'aikata in zauna a benci ina jiran wani darakta da aka ce ya san kawuna. Masinjan ofishin ya san ni har ya fara aike na sayo masa goro. Wata rana ina dawowa da goron a hannu na hangi daraktan yana shiga mota ta ƙofar baya, ashe kullum ta nan yake fita. Na tsaya riƙe da goro na kalli kaina: ni da na ƙi zuwa in riƙe wa wani surukinmu littafin ciniki saboda wai na fi ƙarfin aikin yaron shago, ga ni na zama yaron masinja kyauta. Abin da ya fi ba ni haushi yau, ba daraktan ba ne. Litinin ɗin nan kusan ɗari da na zubar ne.

To mu ɗauki hanyoyin da ke gabanka. Biyu daga ciki ba za su ci mana lokaci ba.

Mai neman miliyan 2, ka goge lambarsa. Ba na musun cewa ana cinikin gurabun aiki a ƙasar nan, har kwamitin Majalisar Wakilai ya zauna a kan maganar a 2023, an ji abin da aka ji. Amma ka duba yadda cinikin yake. Za ka ba da kuɗi babu rasit, babu shaida, kuma in an cuce ka ba ka da bakin kai ƙara, domin kai ma ka ba da cin hanci. Da yawa takardar bogi ake miƙa musu, su je kama aiki a ce ba a san da su ba. Kuma ina kuɗin za su fito? Ko dai a sayar da gonar gado, ko Umma ta fitar da 'yan kunnenta, ko Baba ya ci bashi a kan fanshon da ba ya kai ku ƙarshen wata. A'a.

Maganar Libiya kuma, kada ka ɗauka ina ƙyamar tafiya. Bahaushe matafiyi ne tun fil azal. Kakanninmu sun yi fataucin goro zuwa Gwanja a ƙasar Ghana ta yau, zangon Kumasi da unguwannin Hausawa a Sudan shaida ne. Amma ka tambayi tsofaffi yadda ayari yake tashi: akwai madugu da ya san hanya da rijiyoyinta, an san zangon da za a sauka, akwai mai masauki a can da sunansa ke tafe tun daga gida, kuma kowa ya san hajar da ya ɗauko. Kai me ka ɗauko? Wane aiki ke jiranka, a wane gari, wa zai biya ka, da wace takarda za ka zauna? “Sauran na san yadda zan yi” ba amsa ba ce. Daga Agadas zuwa Sabha ta Libiya kwanaki ake yi a bayan Hilux, mutum ya rungume sanda tsakanin ƙafafunsa don kada ya faɗo, kuma in mota ta lalace a tsakiyar Sahara jarkar ruwanka ce iyakar kwanakinka. A Oktoban 2013 an tsinci gawa 92 a hamadar arewacin Nijar kusa da iyakar Aljeriya, yawancinsu mata da yara, ƙishirwa ta kashe su bayan motocinsu sun mutu, kuma akasarinsu Hausawan yankin Kance ne a jihar Damagaram. A 2017 duniya ta ga bidiyon da ake gwanjon mutane a Libiya. Har yanzu ana tsare baƙi a gidaje ana dukansu, a kira iyayensu a waya su ji kukansu, su turo kuɗi. Ka yi tunanin wayar nan ta shigo wa Baba. In ci-rani kake so, ga Legas, ga Abuja, ga Fatakwal, inda in abu ya ƙi kuɗin mota kawai za ka nema ka dawo. Shi ma sai da mai masauki da aikin da aka ambaci sunansa.

Saura Dawanau, kuma a nan nake so mu zauna.

Ka ce kana jin kunya a gan ka kana awo. Ina jin ba ka taɓa tsayawa ka kalli kasuwar nan da idon mai neman ilimi ba. Dawanau tana cikin manyan kasuwannin hatsi na Afirka ta Yamma. Daga nan ake lodin gero da dawa da masara da wake zuwa Kudu da maƙwabtan ƙasashe. Riɗin da kake gani a buhu yana ƙarewa a Japan da China da Turkiyya. Zoɓon da Umma ke jiƙa muku da azumi, Meziko na cikin manyan masu sayensa daga Najeriya. Mutumin da za ka gani zaune a kan buhu da silifas ɗan madina, hula ta sha jiki, yana iya kasancewa ya tura tirela uku tashar jirgin ruwa a makon nan. Wanda kake jin kunyarsa, mai ɗaure da wuya a banki, wataƙila shi ke zuwa ya durƙusa gaban wannan mai silifas yana roƙon ya buɗe asusu.

Ka je ka ga yadda Baffanka yake karɓar kaya. Mota ta tsaya, 'yan dako sun fara saukewa, shi bai ce uffan ba. Ya soka ƙarfe a cikin buhu ta ƙasa, ba ta sama ba, ya zaro ɗan samfur ya zuba a tafin hannu. Ya murza, ya hura, ya jefa ƙwaya biyu a baki ya tauna. A cikin wannan minti guda ya san ko akwai danshi, ko an yi algus da yashi, ko na bara ne aka gauraya da na bana, ya kuma yanke farashi a ransa kafin dillali ya gama rantsuwa. Wannan karatu ne, ɗana, kuma babu jami'ar da ke koyar da shi. Shekara 30 ya yi yana biyan kuɗin makarantarsa da asara. Shi ne yake cewa ka zo ya ba ka kyauta, kai kuma ka ce ya jira.

Amma ba zan ce ka tafi ido rufe ba, domin damuwarka a kan albashi tana da tushe. Mun sha ganin yaron da ya shekara 10 a shagon ɗan'uwa, ba albashi, ba jari, ba sallama, ranar da aka saɓa ya fita da rigar jikinsa, zumunci kuma ya lalace har jikoki. Abin da ke jawo haka shi ne kunyar magana tun farko. Kai ba za ka iya zaunar da Baffa ka yi ciniki da shi ba, ba tarbiyyarmu ba ce, kuma zai ji ka raina shi. Aikin Baba ne wannan. Wa da ƙani su zauna, kana gefe, a faɗi abin da za ka riƙa yi, abin da za a ba ka na mota da abinci kullum, da lokacin da za a sake zama a duba, misali bayan shekara guda. A faɗi ko akwai sallama a gaba, ko kuwa za a bar ka ka riƙa juya ɗan naka a gefen nasa. Sannan a nema maka izini tun yanzu cewa duk ranar da aka kira ka jarrabawar ɗaukar aiki za ka je. Zuwa kasuwa bai hana ka cike fom da daddare ba. Bambancin kawai, za ka shiga intabiyu a matsayin mutumin da ke da abin yi, kuma masu ɗaukar aiki suna jin ƙanshin wannan tun daga yadda mutum ya zauna.

Wata shida na farko ka kulle digirinka a akwati ka kama bakinka. Kada ka shiga da gyara. Ka gaishe da 'yan dako, ka san sunayensu, domin su ne suka san kayan wa ke da nauyi, na wa ke da ha'inci. Ka share gaban shago in an wayi gari ba a share ba. Bayan nan, a hankali, karatunka zai fara fitowa da kansa. Za ka tarar ana bin Baffa bashin da ba a rubuta ba, ko an rubuta a bayan kwalin sigari. Ka sayi littafi ka fara rubutawa: wa ya karɓa, buhu nawa, yaushe zai biya. Za ka ga saƙon wakilin kamfani ya shigo da Turanci ana neman mai karantawa. Za ka ga alat na bogi da ake yaudarar 'yan kasuwa da shi, kai ka san a duba asusu kafin a ɗaga kaya. Wata rana maganar rajista a CAC, hukumar rajistar kamfanoni, za ta taso, ko takardar hukumar bunƙasa fitar da kaya waje, a waiga a ga kai ne a kusa. Ta haka mai ilimi yake zama wanda ba a iya yi sai da shi a kasuwa. Ba ta hanyar gaya wa mutane cewa yana da ilimi ba.

Gargaɗi ɗaya a nan. In ka tara 'yan kuɗi za a ce maka ka sayi hatsi da kaka ka ajiye zuwa bazara, riba tabbas. Babu tabbas. Waɗanda suka ɓoye masara a kakar 2024 da tsada, da yawansu sun ga farashi ya karye a 2025 sun sayar da asara. Ka fara da abin da in ya nutse ba zai nutse da kai ba, kuma ka tambayi Baffa kafin ka saya.

Game da abokan karatun da kake jin kunya, ka ƙirga su da yatsa. Nawa ne cikinsu suka taɓa tambayar ko an ɗora tukunya a gidanku? Rabinsu suna irin shagon da kake ciki, suna ɗora hoton da suka ɗauka a motar wani a Facebook, kai kana gani kana ƙara shiga damuwa. Na san majalisarku ko ban je ba: benci a gindin darbejiya, mai shayi yana rubuta bashi, ana musun ƙwallon Turai da siyasar 2027, kowa kansa a sunkuye yana dangwalar waya. A 2024 an yi watanni ana dangwalar Hamster, wasan wayar nan da aka ce zai biya kuɗin kirifto, da fatan za a fashe, ka ga abin da aka samu da ranar ta zo. Kafin nan an yi MMM a 2016, tsarin zuba kuɗi da alkawarin riba mai yawa, bayan nan irinta CBEX ta rufta da kuɗin jama'a a 2025. Duk abu ɗaya ne da jiran kiran da kake yi, an dai sauya masa riga: zama wuri guda ana sauraron ranar da komai zai warware lokaci ɗaya.

Yanzu yarinyar. A nan zan ɗan matsa maka, domin a wasiƙarka ka ba ta layi biyu kawai, alhali ita ce ta fi kowa asara a wannan jiran. Shekara 4 kana zuwa zance. Unguwa ta san ta da kai, duk mai niyya ya ja da baya. Kai in ka kai 35 ba ka yi aure ba, cewa za a yi yana neman abin hannu. Ita in ta ƙara shekara uku a gida, ka san irin maganar da za ta riƙa ji a gidan biki, har daga bakin ƙannen babanta. Mahaifinta ba mugu ba ne. Uba ne da ya ga ana riƙe masa 'ya da alkawarin da ba shi da rana.

Tambayar farko da uban yarinya yake yi a ƙasar Hausa ba ta sauya ba: mece ce sana'arsa? “Yana da digiri, yana jiran aiki” ba ta cika kunne. “Yana kasuwar Dawanau tare da Baffansa” amsa ce da dattijo zai gyaɗa kai a kanta. Ka ga yadda matsalolinka biyu suke ɗaure da igiya guda. Ka fara fita kasuwa, ko da mako uku ne, sannan Baba da Baffa su je wurinsa tun kafin wa'adin ya cika. Su faɗi gaskiya tsirararta: yaro ya kama sana'a, bai tara komai ba tukuna, muna neman a ba mu lokaci kaza. A ambaci wata, a ambaci shekara. In za a iya kai kuɗin gaisuwa a sa rana mai ɗan nisa, ya fi. Ku kuma roƙi sauƙi a fili, ba kunya. Abin da shari'a ta wajabta sadaki ne, mafi ƙarancinsa a mazhabarmu rubu'in dinari, sai wurin zama da ci da sha da sutura gwargwadon hali. Akwati goma sha biyu na lefe da dina da sauran bidi'o'in biki mu muka ɗora wa kanmu. Iyaye da yawa sun fi yadda ake zato sauƙin kai in aka zo musu da mutunci da gaskiya, abin da ba sa so shi ne a mayar da su yara.

Amma ka shirya wa ɗaya amsar. Yana iya cewa ba zai ƙara ko wata guda ba, kuma haƙƙinsa ne. In haka ta faru, kada ka ci bashin aure don ka tsere wa wa'adi, domin amarya za ta tare a gidan da masu bin bashi suka riga ta sanin ƙofarsa. Kada kuma ka zuga ta ta bijire wa iyayenta, ko ka riƙa kiranta da dare kana kuka kana ɗaure ta da rantsuwa. Ka sake ta da kyakkyawar magana, ka kare sunanta a majalisa. Zai yi zafi ƙwarai, ba zan ɓoye maka ba, wataƙila ya fi duk abin da ka lissafa zafi. Sai dai riƙe ta shekara ta biyar da ta shida a kan “ki jira” zalunci ne, ko da so ne ya jawo shi.

Ka ce ba ka barci, da safe kuma ba ka son fitowa. Ban ɗauki wannan da wasa ba. Sau da yawa rashin abin yi ne: jikin da bai gaji da rana ba ba ya neman barci da dare, ga waya a hannu har ƙarfe uku. Mako biyu na fita kasuwa tun bayan asuba yakan gyara wannan. Amma in ka ga ka fara fita kuma abin bai sake ka ba, abinci ba ya shiga, abin da ka saba jin daɗinsa ya fita ranka, kana yawan jin ba ka da amfani, ballantana in tunanin gara mutuwa ya fara zuwa maka, to wannan ciwon damuwa ne, ciwo kamar hawan jini, kuma yana da magani. Ka gaya wa wani babba a gida a ranar, ku je asibiti. Akwai sashen masu kula da wannan a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, akwai kuma asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau ɗin da mutanen Kano suka mayar abin tsokana, alhali mutane masu hankalinsu garau suna zuwa su karɓi magani su koma bakin aikinsu. Addu'a da ganin likita ba kishiyoyi ba ne, ka haɗa su. Abin da nake roƙonka shi ne kada ka karɓi komai daga hannun abokin da zai ce ga abin da zai sa ka barci ko ya ɗauke maka tunani. Da ƙwaya guda ake farawa.

Sai Baba. Kana guje wa idonsa saboda kana zaton abin da ke ciki tuhuma ce. Ni uba ne, bari in gaya maka abin da ya fi yiwuwa. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana gaya wa 'ya'yan mutane cewa ilimi shi ne mafita, ya tura nasa ɗan jami'a da albashin malamin makaranta, yanzu yana wucewa ta ƙofar shagonka kullum zai tafi masallaci yana ganin takalminka a waje. Yana jin kamar shi ya yaudare ka. Shi ma kunyarka yake ji. Yana yiwuwa ya daɗe yana son ya ce ka karɓi tayin Baffa, yana tsoron kada ka ɗauka ya fid da rai da karatunka. Ku biyu kuna gida ɗaya kowa yana kare ɗan'uwansa da shiru.

Yau bayan sallar isha'i kada ka wuce majalisa. Ka bi shi har ɗaki, ka zauna a ƙasa, ka ce Baba na yanke shawarar zuwa wurin Baffa, ina so ka yi masa magana a kan yadda zaman zai kasance, kuma akwai maganar gidan su wance da nake so ka sani. Maganar miliyan 2 da ta Agadas ma ka gaya masa, don su fita daga cikinka su zama abin da aka sani.

Kuɗin motar makon farko kuwa, kada ka karɓa a hannun Umma. Ka je wurin ƙanenka mai gyaran waya ka ce ya ranta maka. Na san zai yi maka nauyi a baki, shi ya sa na zaɓe shi. Ya riga ka sanin yadda ake buɗe shago da safe ba tare da sanin ko za a yi ciniki ba, ka tambaye shi yadda ya yi watanninsa na farko, za ka sha mamakin abin da ya haɗiye bai faɗa wa kowa ba. Ka rubuta adadin da ranar a shafin farko na littafin da za ka saya, ka biya shi daga kuɗin farko da ya shigo hannunka, ko da ya ce ya bar maka.